Tambayoyi da Amsoshi Kan Fim Ɗin The Wizard of Oz na 1939 da Littafin da Aka Ɗauko Shi

Fim ɗin The Wizard of Oz ya haura shekara 80 da fitowa, kuma har yau iyaye a ƙasashe da dama suna zaunar da 'ya'yansu su kalle shi tare. An tattara waɗannan tambayoyi ne domin uwa ko uban da ke son sanin abin da ke cikinsa kafin a kunna wa yara, da kuma mai sha'awar ganin yadda ake ɗauko labari daga takarda a mayar da shi hoto mai motsi, da irin abin da ake samu da wanda ake rasawa a cikin wannan aiki.

Wane fim ne wannan, kuma su wa suka shirya shi?

Fim ne na almara mai waƙoƙi wanda kamfanin MGM na Amurka ya fitar a watan Agusta na 1939, tsawonsa kuma ya ɗan haura minti 100. Mervyn LeRoy ne furodusa, sunan Victor Fleming kuma shi ne ke rubuce a matsayin darakta, ko da yake aikin ya ratsa hannaye da yawa. Richard Thorpe ne ya fara, aka sallame shi bayan ɗan lokaci kaɗan, George Cukor ya riƙe na wasu kwanaki, sannan Fleming ya yi mafi yawan aikin kafin a janye shi zuwa fim ɗin Gone with the Wind, abin da ya sa King Vidor ya ƙarasa sassan da suka shafi gonar Kansas. Judy Garland, wadda take da shekara 16 lokacin ɗauka, ita ce ta fito a matsayin Dorothy.

Mene ne labarin a taƙaice?

Dorothy yarinya ce da ke zaune a wata gona a jihar Kansas tare da mariƙanta, Kawu Henry da Inna Em, da ɗan karenta Toto. Wata rana mahaukaciyar guguwa ta ɗauke gidan da ita a ciki, ta dire shi a wata ƙasa mai suna Oz, kuma gidan ya faɗa kan Muguwar Matsafiya ta Gabas ya kashe ta. Takalman mamaciyar suka koma ƙafar Dorothy, wannan kuma ya jawo mata gabar Muguwar Matsafiya ta Yamma, wadda ta sha alwashin ƙwace su. Aka shawarci yarinyar ta bi hanyar da aka shimfiɗa da tubali ruwan ɗorawa har zuwa Birnin Zumurrudu, inda wani babban boka zai iya mayar da ita gida. A hanya ta haɗu da mutum-mutumin gona da ke neman ƙwaƙwalwa, da mutumin gwangwani da ke neman zuciya, da zaki matsoraci da ke neman jarumta. Bokan ya gindaya musu sharaɗin su kawo masa tsintsiyar matsafiyar, da suka kawo kuma, sai Toto ya janye wani labule aka tarar ashe babban bokan wani dattijo ne kawai da ke murɗa na'urori yana fitar da hayaƙi da babbar murya.

Daga wane littafi aka ɗauko shi?

Daga littafin The Wonderful Wizard of Oz na L. Frank Baum, wanda kamfanin George M. Hill ya buga a Chicago a 1900, da zane-zanen W. W. Denslow. An haifi Baum a jihar New York a 1856, ya taɓa sana'o'i iri-iri kafin ya dace da rubutu: ya yi kiwon kaji, ya yi wasan kwaikwayo, ya buɗe kanti a garin Aberdeen na Dakota ta Kudu ya karye, sannan ya riƙe wata ƙaramar jarida a garin. Shekarun da ya yi a can shekarun fari ne, kuma ana ganin alamarsu a busasshiyar gonar da ya siffanta a farkon littafin. A wannan jarida ne kuma, a ƙarshen 1890 da farkon 1891, ya rubuta sharhi guda biyu yana kira da a ƙarar da 'yan asalin ƙasar Amurka, jajayen fata, wanda tabo ne a tarihinsa da bai kamata mai ƙaunar littafinsa ya ɓoye ba.

Littafin ya samu karɓuwa nan take, aka mayar da shi wasan dandali a 1902, yara kuma suka dinga aika wa marubucin wasiƙu suna neman ci gaba, har sai da ya rubuta littattafai 14 kan ƙasar Oz kafin rasuwarsa a 1919. MGM ta sayi haƙƙin fim ɗin a 1938 daga hannun Samuel Goldwyn a kan dala 75,000, bayan ta ga irin kasuwar da fim ɗin Snow White na Walt Disney, wanda ya fito a ƙarshen 1937, ya ci.

Shin fim ɗin ya bi littafin sau da ƙafa?

Bai bi ba, kuma bambancin ya fi yadda yawancin masu kallo suke zato. Mafi shahara shi ne na takalma: a littafi na azurfa ne, a fim kuma aka mayar da su jajaye kamar yaƙutu domin su yi ƙyalli a kan hanya ruwan ɗorawa a idon kyamarar launi. A littafi Birnin Zumurrudu ba kore ba ne da gaske, domin mai gadin ƙofa yana ɗaura wa duk mai shiga koren tabarau ya kulle shi da makulli, da hujjar kare ido daga haske, alhali kuwa tabarau ɗin ne ke sa komai ya zama kore. Na daɗe ina jin takaicin barin wannan a baya, saboda shi ne ke nuna cewa yaudarar bokan ba ta tsaya a ɗakinsa ba, gari guda ya ɗaure wa ido shekara da shekaru.

An kuma zubar da sassa da yawa na tafiyar. A littafi, lokacin da ƙamshin jajayen furanni ya sa zaki barci, dubban ɓerayen daji ne ƙarƙashin sarauniyarsu suka ja shi a kan amalanke suka fitar da shi, sakayyar ceton da mutumin gwangwani ya yi mata daga bakin wani kyanwar daji. A fim kuwa dusar ƙanƙara aka saukar ta tashi Dorothy da zakin. Birai masu fukafukai na littafi ba mugaye ba ne, bayi ne ga wata hular zinariya wadda duk mai riƙe da ita yake da ikon umartar su sau uku, kuma daga baya Dorothy ma ta yi amfani da su. Akwai ƙasar mutanen tangaran masu fashewa, akwai kuma doguwar tafiya zuwa kudu bayan bokan ya bar garin, duk babu su a fim.

Sauyin da ya bar rami a labarin shi ne haɗe matsafiyoyin kirki biyu zuwa ɗaya. A littafi, ta Arewa ce ta tarbi Dorothy, kuma ba ta san sirrin takalman ba, sai a ƙarshe Glinda ta Kudu ta bayyana mata cewa za su iya kai ta gida. Da fim ya mayar da su mace ɗaya, sai ya zama Glinda ta san maganin tun ranar farko amma ta bar yarinya ta shiga haɗari, da hujjar cewa da ta faɗa mata ba za ta yarda ba. Yaro mai wayo yakan gano wannan da kansa, kuma yana da gaskiya idan ya ce hujjar ba ta gamsar da shi ba.

Me ya sa aka mayar da tafiyar mafarki?

A wurin Baum ƙasar Oz wuri ne na gaske a cikin labarin. Dorothy ta je, ta dawo da ƙafarta babu takalma domin sun zame sun faɗa hamada, ta tarar kawunta ya gina sabon gida a madadin wanda guguwa ta ɗauke. A littafi na shida, wanda ya fito a 1910, ta ma kwashe mariƙanta suka koma Oz da zama gaba ɗaya saboda bashi ya ci gonar. Masu rubuta fim ɗin, waɗanda aka ambaci sunayen Noel Langley da Florence Ryerson da Edgar Allan Woolf daga cikinsu, sun ji tsoron cewa manyan masu kallo na wancan zamani ba za su karɓi almara tsagwaronta ba, sai suka sa taga ta bugi kan Dorothy ta suma, duk abin da ya biyo baya ya zama mafarki.

A ganina wannan sauyi ya rage wa yarinyar wani abu, domin a littafi jarumtarta ta faru, a fim kuwa ta farka manya suna kewaye da gadonta suna murmushi ba su yarda da ita ba. Amma kuma shi ne ya haifar da mafi kyawun dabarar fim ɗin. Da yake mafarki ne, sai aka sa mutanen Oz suka zama fuskokin da ta sani a gida: ma'aikatan gona uku, waɗanda Ray Bolger da Jack Haley da Bert Lahr suka fito a matsayinsu, su ne suka koma mutum-mutumi da mutumin gwangwani da zaki, maƙwabciyar da ta zo a kan keke da takardar hukuma za ta tafi da Toto, wato Margaret Hamilton, ita ce ta koma muguwar matsafiya, ɗan duban da Dorothy ta tarar a bakin hanya, wato Frank Morgan, shi ne ya koma bokan. Babu ɗaya daga cikin waɗannan mutanen Kansas a littafi, inda aka gama da gonar cikin 'yan shafuka. Duk wanda ya taɓa mafarkin malamin da ya dake shi ya rikiɗe ya zama dodo zai fahimci gaskiyar da ke cikin wannan tsari.

A ƙarshe bokan ya ba su abin da suka nema?

Ba shi da abin da zai ba su, kuma ba sa bukata. Mai lura zai ga cewa tun a hanya mutum-mutumin da ke cewa ba shi da ƙwaƙwalwa shi ne ke kawo dabara duk lokacin da aka shiga matsala, mutumin gwangwanin da ke cewa ba shi da zuciya shi ne mai saurin kuka har haɓarsa ta yi tsatsa sai an ɗiga masa mai, zakin kuma yana rawar jiki amma yana shiga fadar matsafiya domin ceton abokiyarsa. A littafi bokan ya cusa wa na farko dusa gauraye da allurai a ka, ya saka wa na biyu zuciyar alharini cike da garin katako, ya ba na uku wani ruwa ya sha. A fim aka sauya su da takardar digiri da agogo mai siffar zuciya da lambar yabo, wato abubuwan da jama'a ke kallo su yarda cewa mutum yana da ilimi ko kirki ko jarumta. Wannan wuri na fim ya fi na littafi kaifi, kuma manya ne suka fi jin saƙonsa.

Akwai sihiri a cikinsa. Ya dace a nuna wa yaranmu?

Akwai sihiri, kuma bai kamata a ɓoye wa iyaye ba: akwai matsafiyoyi masu tashi sama da ɓacewa cikin hayaƙi, akwai takalma masu kai mutum gida idan ya buga diddigensa sau uku. Iyayen da suka yanke cewa ba sa son irin wannan a gidansu suna da haƙƙin hakan. Abin da ya kamata su sani kafin su yanke shi ne inda labarin ya karkata. Mutumin da kowa ke tsoro, ake tafiya mai nisa domin neman biyan bukata a wurinsa, fim ɗin ya tona asirinsa a gaban yara, ya nuna cewa hayaƙi ne da na'ura da ƙarya. Tun a farko ma an nuna yadda ɗan duban Kansas ya sa Dorothy ta rufe ido, ya lalubi kwandonta ya ga hoton Inna Em, sannan ya dubi ƙwallon gilashinsa ya fara ba ta labarin gidansu kamar daga gaibu ya gano. Wannan ita ce dabarar 'yan damfarar duba a ko'ina, kuma ban san wani fim na yara da ya fallasa ta a fili haka ba tare da wa'azi ba.

Game da matsafiyoyin kuwa, matsayinsu bai wuce na Dodo a tatsuniyoyinmu ba. Kakanninmu sun ba mu labarin dabbobi masu magana da 'yan mata da ƙasa ta haɗiye, kuma mai tatsuniya yakan rufe da cewa ba don Gizo ba da ya yi ƙarya, domin yaro ya san iyakar wasa da gaskiya. Wannan aiki na rufewa yana kan uwa ko uban da ke zaune kusa da yaron lokacin kallo, shi ya sa ban ga dacewar a miƙa wa yaro waya a bar shi da fim ɗin shi kaɗai ba.

Daga shekara nawa yaro zai iya kallo ba tare da ya firgita ba?

Shawarata ita ce daga shekara shida ko bakwai. Babu batsa kuma babu zubar da jini, amma akwai wurare uku masu tsoratarwa: guguwar, da babban kan bokan mai magana cikin wuta, da lokacin da birai masu fukafukai suka rufe sararin sama suka sauko suka yayyaga mutum-mutumi suka watsar da ciyawar cikinsa. Ranar da muka kalla a gida, ƙaramar 'yata ta cusa fuskarta a mayafin mahaifiyarta a daidai wannan wuri, tana leƙe da ido ɗaya, ba ta saki ba sai da ta ga abokansa suna tattara ciyawar suna mayar masa. Littafin ma ba shi da sauƙi kamar yadda marubucinsa ya yi alkawari a gabatarwa, inda ya ce ya cire ɓacin rai da mugun mafarki. A ciki mutumin gwangwani ya sare kawunan kyarketai 40 da gatarinsa, mutum-mutumi kuma ya murɗe wuyan hankaki 40.

Margaret Hamilton, wadda koriyar fuskarta ta hana yara da yawa barci, malamar makarantar ƙananan yara ce kafin ta shiga fim. A 1975 ta fito a shirin talabijin na yara na Fred Rogers, ta saka kayan matsafiyar a gaban kyamara ɗaya bayan ɗaya domin yara su ga cewa tufafi ne kawai.

Me ya sa fim ɗin ya fara babu launi sannan ya koma mai launi?

Da gangan aka yi. Baum ya siffanta Kansas da cewa komai nata toka-toka ne, daga ciyawa har fuskar Inna Em, saboda haka aka ɗauki sashen gonar a baƙi da fari aka rina shi ruwan ƙasa, aka ajiye launin Technicolor sai Oz. Yadda aka haɗa biyun a ɗauka guda abin a tsaya a duba ne. An shafe cikin ɗakin da fenti ruwan ƙasa, aka sa wata mai tsaya wa Garland ta saka riga ruwan ƙasa ta juya wa kyamara baya ta buɗe ƙofa, tana kaucewa sai kyamara ta kutsa waje cikin furanni, sannan Garland ta shigo da rigarta mai shuɗi da fari. Ba shi ne fim na farko mai launi ba, kamar yadda wasu ke faɗa, amma kyamarar tana raba haske zuwa faifai uku a lokaci ɗaya, don haka tana bukatar fitilu masu tsananin ƙarfi, har zafin dandalin yakan haura digiri 38.

Yaya aka yi guguwar alhali babu kwamfuta?

Arnold Gillespie ne ya jagoranci wannan aiki. Ya ɗinka wani dogon mazurari na yadi shara-shara mai tsawon ƙafa 35, ya rataye samansa a jikin ƙarfen da ke tafiya a rufin situdiyo, ƙasansa kuma ya zura shi cikin wata tsaga a daɓe, ta yadda idan sama da ƙasa suka motsa daban-daban sai yadin ya dinga lanƙwasa kamar guguwar gaske, ana kuma hura masa ƙura daga ƙasa. A wurin da matsafiya ta narke bayan an watsa mata ruwa kuwa, an tsayar da Hamilton a kan wani katako mai sauka cikin daɓe, aka kafe gefen rigarta a sama, aka saka busasshiyar ƙanƙara mai hayaƙi a ƙarƙashi. Dokin Birnin Zumurrudu mai sauya launi dawakai ne daban-daban da aka shafa wa garin kayan zaƙi na Jell-O, ana gaggawar ɗauka kafin su lashe.

Gaskiya ne 'yan wasan sun sha wahala?

Gaskiya ne, kuma wannan ɓangare yana sa mutum ya kalli fim ɗin da nauyin zuciya. Buddy Ebsen ne ya fara wasa a matsayin mutumin gwangwani, aka dinga shafa masa garin alminiyom a fuska, cikin kwana goma garin ya cika masa huhu aka kwantar da shi asibiti yana numfashi da ƙyar, kamfanin kuma ya maye gurbinsa da Jack Haley, wanda aka kwaɓa masa garin ya zama kamar man shafawa, shi ma ya samu ciwon ido. A watan Disamba na 1938 Hamilton ta ƙone a fuska da hannu lokacin da aka saki wuta kafin ƙofar daɓen ta gama saukar da ita, kuma da yake koriyar kwalliyarta tana da tagulla a ciki, sai da aka goge ta daga kan ƙunar. Ta yi mako shida ba ta koma aiki ba. Bert Lahr ya yi wasa cikin fatar zaki ta gaske a ƙarƙashin waɗancan fitilu. Garland kuwa an matse mata jiki domin ta yi kama da ƙaramar yarinya, an takura mata kan abinci, kuma ita da bakinta ta ba da labarin yadda a shekarunta na MGM ake ba ta ƙwayoyin hana barci da na sa barci. Ta rasu a Landan a 1969 tana da shekara 47.

Mece ce waƙar da ake yawan ambata?

Ita ce Over the Rainbow, wadda Harold Arlen ya tsara kiɗanta, Yip Harburg ya rubuta baitocinta. Dorothy ce ke rera ta a harabar gona tana begen wani wuri can bayan bakan gizo inda babu damuwa. Bayan gwajin nunawa na farko shugabannin kamfanin sun so cire ta, suna ganin tana jan farkon fim ɗin, sai da mataimakin furodusa Arthur Freed da wasu suka dage aka bar ta. Ta ci lambar Oscar ta waƙa a bikin 1940, Herbert Stothart ya ci ta kiɗa, aka kuma ba Garland lamba ta musamman ta ƙananan 'yan wasa. Lambar gwarzon fim ta shekarar ta tafi ga Gone with the Wind.

Ya yi riba lokacin da ya fito?

Bai yi ba. An kashe kusan dala miliyan 2.8 wajen shirya shi, ya kawo kimanin miliyan 3, amma da aka haɗa kuɗin talla da rarrabawa sai kamfanin ya rubuta asarar fiye da dala miliyan 1. Yawancin masu kallo yara ne masu biyan rabin kuɗi, kuma mako guda bayan fitowarsa a faɗin Amurka Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a Turai ya rufe kasuwanni. Sai da aka sake nuna shi a 1949 ya fara fita daga bashi. Talabijin ce ta ɗaukaka shi: tashar CBS ta nuna shi ranar 3 ga Nuwamba, 1956, daga 1959 kuma ya zama al'adar shekara-shekara da iyalai ke jira. A 1989 yana cikin rukunin farko na finafinan da Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya zaɓa domin adanawa, a 2007 kuma hukumar UNESCO ta saka shi a kundinta na abubuwan tunawa na duniya.

An ce labarin yana da ɓoyayyiyar ma'ana ta siyasa, haka ne?

Wani malamin sakandare, Henry Littlefield, ya kawo wannan fassara a 1964. A wurinsa hanyar ruwan ɗorawa ita ce tsarin kuɗin zinariya, takalman azurfa su ne bukatar manoman shekarun 1890 ta a shigar da azurfa cikin kuɗin ƙasa, mutum-mutumi manomi ne, mutumin gwangwani ma'aikacin masana'anta, zaki kuma ɗan siyasa William Jennings Bryan. Fassara ce mai amfani wajen koyar da tarihi, amma Baum da kansa ya rubuta cewa ya yi littafin ne kawai domin faranta wa yara rai.

A fara da littafi ko da fim?

Na fi son a fara da fim idan yaran ƙanana ne, domin ko Turancinsu bai yi ƙarfi ba hotuna da waƙoƙi suna ɗauke da labarin, babba kuma yana iya fassara musu muhimman wurare. Bayan haka a ɗauko littafin, wanda ke da babi 24 gajeru cikin Turanci mai sauƙi, ana karanta babi ɗaya kowane dare ana mayar musu da shi Hausa. Haƙƙin mallakarsa ya ƙare a Amurka tun 1956, saboda haka ana samun sa kyauta a intanet ta halastacciyar hanya. Yaron da ya riga ya ga fim yakan yi ta katse mai karatu yana cewa ba haka aka yi ba, kuma wannan gardama ita ce darasinsa na farko kan cewa labari ɗaya yana iya samun masu ba da shi biyu.

Akwai wasu finafinan da suka fito daga wannan labari?

Akwai da yawa. The Wiz na 1978 ya mayar da labarin birnin New York da 'yan wasa baƙaƙen fata, ciki har da Diana Ross da Michael Jackson. Return to Oz na kamfanin Disney, wanda ya fito a 1985, ya fi kusa da littattafan Baum amma ya fi ban tsoro, bai dace da ƙananan yara ba. Wicked na 2024 ya samo asali ne daga littafin manya na Gregory Maguire na 1995 da wasan dandalin 2003, kuma yana ba da labarin ta ɓangaren koriyar matsafiyar. Da yake jajayen takalman ƙirƙirar MGM ce, haƙƙinsu yana hannun Warner Bros. a yanzu, shi ya sa sababbin finafinai sukan kauce musu.

Ina jajayen takalman suke yanzu?

An ɗinka ƙafa da yawa, bisa tsarin mai zanen sutura Adrian, kuma ba yaƙutu ba ne, ƙananan jajayen ƙyalƙyali ne irin waɗanda ake jerawa a kayan amare, da 'yan duwatsun gilashi a kan ƙullin gaba. An sayar da ƙafa ɗaya, wato na dama da na hagu, a gwanjon kayan MGM na 1970 a kan dala 15,000, a 1979 kuma aka ba da ita kyauta ga gidan tarihin Smithsonian da ke Washington, inda take har yanzu. Wata ƙafar an sace ta a 2005 daga gidan tarihin Judy Garland da ke Grand Rapids a jihar Minnesota, garin da aka haife ta, kuma mutumin da ya amsa laifin ya shaida wa kotu ta bakin lauyansa cewa ya ɗauka duwatsun na gaske ne. Hukumar FBI ta gano su a 2018, a watan Disamba na 2024 kuma aka yi gwanjonsu a kan dala miliyan 28 kafin a ƙara kuɗin dillalai. Lokacin da aka kai su Smithsonian domin tantancewa, masana suka jera su kusa da nasu suka gano cewa tun da daɗewa an musanya su: takalmin dama na ƙafa ɗaya abokin na hagun ɗaya ƙafar ne.